Shekarar da Uwaisu Ya Ce Kada a Rage Iri

Akwai wani manomi da aka yi a Wagini ta ƙasar Batsari, sunansa Uwaisu. Gero yake nomawa da dawa da ɗan wake kamar kowa, sai dai yana da abu guda da ya fita daban da shi, wato kallon taurari. Tun yana saurayi ya koya a wurin kakansa, ya riƙe abin har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Ba shi kaɗai ke da wannan ciwon ba. Akwai Sahabi, wani tela daga Runka ta ƙasar Safana, da kuma Yero, Bafulatanin da rugarsa ke tsakanin garuruwan biyu. Duk ranar kasuwar Batsari, in an watse, su ukun sukan yi magariba tare, su hau wani falalen dutse a bayan gari, su yi ta nune-nune da musu har a kira isha'i. Mutane kan yi musu dariya, wai ga magidanta da iyali sun rasa abin yi sai leƙen sama.

Amma da zarar bazara ta yi nisa, dariyar takan ɗauke.

Kun san tarin ƙananan taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta. In zafi ya tsananta takan ɓace daga sama, su Uwaisu su ce ta shiga kwanci. Ranar da ta sake fitowa ta gabas da asuba, to damina ta kusa zama. A cikin su ukun Uwaisu ya fi ido. Inda kowa ke ƙirga 'ya'ya shida, shi bakwai yake gani, kuma shi yake riga kowa hango fitowarta. Don haka mutanen Wagini ba sa yin binne sai sun ji daga bakinsa.

Ga waɗanda suka tashi a birni, binne shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, domin ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Wanda ya dace yakan riga kowa cin sabon gero. Wanda bai dace ba, ɗan yayyafi zai tayar masa da tsiro, rana ta biyo baya ta ƙone shi. Shi ya sa tun zamanin kakan Uwaisu masu duban Kaza ke da ƙa'ida guda da ba sa ƙetarewa: in sun ce a binne, sai sun ƙara da cewa kowa ya binne rabin irinsa, ya ajiye rabi a ɗaki.

Shekarar da muke magana a kanta, lokacin ne kuɗin man fetur ke yawo a ƙasa. Ana ta gina ajujuwa da ofisoshi, babura sun fara yawa, rediyo ya shiga gidaje. Sai dai kuɗin bai san hanyar gona ba. Daminar bara ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin zafi ya shigo. A gidaje da yawa, hatsin da ya rage shi ne wanda aka ware don iri, ana kallonsa ana haɗiye yawu.

A Batsari akwai wani Daudu, wanda kwangila ta ɗaga shi daga dillancin awaki ya koma mai mota da gidan siminti. Shi ya fara kawo talabijin garin. Da yamma yakan sa a fito da ita ƙofar gidansa a ɗora kan tebur, ga injin ba da wuta yana ruri a bayan katanga, ga eriya an ɗaure a kan doguwar gora. Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane irin taron da akwatin nan ke haɗawa ba. Har daga ƙauyuka ake tahowa a kan jaki.

Wata ranar kasuwa, su Uwaisu na shirin hawa dutsensu, sai aka ce musu yau sama za a nuna a akwatin Daudu. Yero ya ce su je su ga yadda aka cusa sama cikin abin da bai kai akurki ba. Suka je suka kutsa cikin taro har suka sami wuri a gaba.

Shiri ne na Turawa, amma an ɗora masa muryar wani yana fassarawa da Hausa. Aka nuna duniyar nan tamu dunƙule, tana rataye ba igiya ba ginshiƙi. Aka ce rana ma tauraro ce cikin taurari, kusa da mu kawai take. Aka nuna wasu taurari da yawansu ya sa suka zama kamar hayaƙi.

Can sai ga Kaza ta cika fuskar akwatin. Su ukun suka gane ta nan take, har Yero ya ɗaga sanda yana nunawa. Mai fassara ya ce da ido ana ganin shida ko bakwai, amma da aka duba da babban madubin hangen nesa an tarar ɗaruruwa ne. Ya ƙara da cewa hasken da mutum ke gani daga gare su a daren yau ya baro can tun ba a haifi kakan kakansa ba.

Yero ya fashe da dariya ya ce, "Ashe kazar nan ta hi ni dukiya. Ni kau ina ta tausayinta, wai 'ya'ya shida gare ta."

Sahabi bai yi dariya ba. Hawaye ne ke bin fuskarsa yana ta tasbihi a hankali. Da aka gama ya juyo ya ce wa abokansa, ashe duk shekarun nan a bakin zaure suka tsaya suna cewa sun san gidan. Ya ce shi bai taɓa jin ƙanƙantarsa irin ta yau ba, kuma bai taɓa jin daɗin kallon sama irin na yau ba.

Uwaisu kuwa, duk cikin shirin nan kalma ɗaya ta shiga kunnensa ta zauna: ba bakwai ba ne. Bakwai ɗin nan da yake taƙama da ita, wadda ta sa ake tashi a ba shi tabarma, yau an mayar da ita abin wasa a gaban yara da mata. Ya sunkuyar da kai yana neman hanyar sulalewa.

Daudu bai bar shi ba. Yana kishingiɗe kan kujerarsa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Uwaisu, ina bakwai ɗin taka? Dama ni na daɗe ina hwaɗa, wanda ya sani ba ya cewa a raba iri biyu. Wanga rabi da rabi naku dabara ce ta wanda bai sani ba. In ta yi kyau ku ce ku kuka hwaɗa, in ta ɓaci ku ce ai kun ce a rage."

Aka yi ta ƙyalƙyala dariya.

Jama'a, a yi adalci. Shirin nan bai ce uffan a kan ruwan sama ba, bai ce komai a kan shuka ba, bai kuma ƙaryata fitowar Kaza da asuba ba. Surutu ne kawai na mai kuɗin da ya ƙoshi yake neman abin taɓawa. Da Uwaisu ya yi dariya tare da su kamar yadda Yero ya yi, da zancen ya mutu a wurin.

Sai ya hau dokin zuciya. Ya miƙe tsaye ya ce, "To bana ba ragi. Ranar da na ce a binne, kowa ya juye abin da ke gare shi duka. In tsiro ɗaya ya ƙone, a aske mini gemu tsakiyar kasuwar nan."

Ko in Allah Ya yarda bai ce ba. Sahabi ne ya faɗa masa ita a bayansa, ƙasa-ƙasa, yana jan gefen rigarsa. Mutanen Wagini da yawa suna cikin taron, kafin gari ya waye zancen ya isa kowane gida.

Cikin waɗanda zancen ya isa gare su har da Bara'atu, ƙanwar Uwaisu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da gona guda, autarsu Ma'u ba a daɗe da yaye ta ba. Tun tsakiyar rani take haɗa wa yaran dusa da ganye don kada hannunta ya kai ga ɗan geron da ta ware na iri. In ya tsira ya yi, sun ci shekara. In ya ɓaci, ba ta da wani abin da za ta juya ta kama.

Makonni suka wuce. Uwaisu kullum kafin asuba yana bayan gari yana duban gabas. Ranar da Kaza ta fito ya gan ta, amma ba yadda ya saba ganinta ba. Ta fito dishi-dishi, sama a bushe, iska ba ta ɗauke da sanyin nan da ke zuwa gabanin ruwa. Ya san abin da kakansa zai ce da yana raye: kada a kuskura a juye iri duka.

Da hantsi sai ga Yero da Sahabi sun iso gidansa. Su ma sun gan ta, kuma abin da suka gani ne ya taso su. Bayan an gaisa an tambayi iyali da dabbobi, Yero ya ce shi iskar ba ta yi masa ba. Har yanzu ba ta juyo daga kudu ba, shanunsa ba su fara ɗaga hanci suna shinshina ba, kuma shi kam ba zai aika a dawo da garken da ya tura kiwo nesa ba tukuna.

Sahabi ya matso kusa ya ce, "Uwaisu, don girman Allah ka janye. Ka ce suɓutar baki ka yi cikin hushi, ba wanda bai taɓa yi ba. A binne rabi kamar kullum. Dariyar kwana biyu ce za a yi maka, ta wuce."

Uwaisu ya ce su tashi su ba shi wuri. Ya ce tun da akwati ya gaya musu ba su san komai ba suka yarda, to su koma wurin akwati ya riƙa gaya musu ranar shuka. Shi bai yarda ba. Suka fita, ko ruwan da matarsa Kulu ta kawo musu ba su sha ba.

Washegari bayan sallar asuba ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce Kaza ta fito, a binne. Wani dattijo ya tambaya ko da gaske duka yake nufi. Ya ce duka.

Mutane suka watsu gonaki. Wasu tsofaffi kaɗan suka yi kunnen uwar shegu suka rage nasu a ɓoye, amma yawanci sun bi, domin shekara da shekaru Uwaisu bai taɓa kai su ya baro ba. Ba su tsaya sun tuna cewa rabin nan da ake ajiyewa shi ne ya sa bai taɓa kai su ya baro ba.

Bara'atu ta biyo ta gidansa da ƙwaryar irinta a ka, Ma'u goye a baya. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Yaya, ni ma duka? Ka san shi ke nan gare ni."

Ya kalli ƙwaryar, ya kalli gefe. Ya ce, "Duka, Bara'atu. Yayanki ne ya hwaɗa miki."

Ta yi murmushi ta ce ai shi ke nan, ta tafi hankalinta kwance.

Da ya shiga ɗaki don ɗaukar nasa irin, sai hannunsa ya ƙi. Bakinsa ya rantse a Batsari, amma zuciyarsa ta san abin da idonsa ya gani da asuba. Ya ɗauko wani tulu, ya juye rabin geron a ciki, ya toshe bakin da tsumma ya shafe da laka, ya tura shi ƙarƙashin gadon Kulu.

Kulu na tsaye tana kallonsa. Ta ce, "Malam, in kai ka rage, ka aika a tsai da Bara'atu. Ba ta kai gona ba tukuna."

Ya ce in Bara'atu ta ji, kafin azahar duk Wagini ta ji, kafin la'asar zance ya kai ƙofar Daudu. Ya ce ajiyar nan ba komai ba ce, sabo ne kawai, kuma in ita Kulu ta kuskura ta buɗe baki a bakin aurenta. Ranar Kulu ba ta iya cin abinci ba.

Bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo, aka yi ruwa. Ba wani ruwan kirki ba ne, amma ya jiƙa ƙasa daidai inda iri yake. Gonaki suka yi tsiro fes, kore ko'ina. Uwaisu ya sa babbar riga yana zagaya gari ana yi masa barka. Har ya ba da saƙo a gaya wa Daudu ya zo Wagini ya ga abin da akwatinsa bai sani ba.

Daga nan sama ta ɗauke.

Rana ta buɗe wuta. Kullum da yamma hadari kan taso daga gabas, mutane su fito su tsaya suna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Tsiron ya fara lanƙwasa, ya koma ruwan ɗorawa, ya bushe a tsaye. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita, aka yi sadaka da ɗan abin da ya rage. Wanda ya je gona ya murza ganyen a hannu sai ya zama gari. Magidanta suka riƙa dawowa gida suna shigewa ɗaki don kada 'ya'yansu su ga fuskarsu.

Sai da komai ya ƙone ƙurmus, sannan ruwan gaske ya sauka, irin wanda ake kwana ana yi a wuni ana yi. Ƙasa ta jiƙu har ƙasa, tana jiran iri, iri kuwa babu. Masu 'yan uwa a nesa suka bazama roƙo. Masu akuya suka kai kasuwa suka dawo da abin da bai cika hula ba. Sahabi, da ya bi tsohuwar ƙa'ida a Runka, ya raba ragowarsa ga maƙwabta har ya kusa rasa na kansa. Gonakin Wagini da yawa haka suka zauna fayau, ciyawa ce kawai ta amfana da ruwan.

Ba wanda ya aske gemun Uwaisu. Daudu ya sami wata kwangila ya tafi Katsina, da aka tuna masa zancen ma sai da ya yi tunani kafin ya gane wane Uwaisu ake nufi. Mutanen Wagini sun ji haushi, amma abu guda ya kare Uwaisu daga bakinsu: sun ɗauka shi ma ya ƙone tare da su. Suka ce kuskure ne, ƙaddara ce, ai shi ma ga gonarsa nan a bushe. Har jaje wasu suka zo yi masa.

Nan tulun nan ya zame masa ƙaya. In ya fito da shi, ya tashi daga wanda ya yi kuskure ya koma wanda ya ci amana, wanda ya tura mutane rami shi ya tsaya a baki. Yana kwana yana tashi da wannan tunanin.

Ana cikin ruwan nan Bara'atu ta shigo gidan, jiƙe sharkaf, da 'yar ƙaramar ƙwarya a hannu. Ba ta yi masa ƙorafi ba, ba ta tuna masa komai ba. Ta gaishe shi yadda ta saba, ta ce ta zagaya gidaje ba ta samu ba, ko Allah Ya sa akwai ɗan abin da ya maƙale a gindin rumbunsa, ko cikin tafi ɗaya ne, ta jefa a bayan gida.

Tana tsaye a ƙofar ɗakin Kulu take maganar. Tsakaninta da tulun bai fi taku uku ba.

Uwaisu ya ce, "Wallahi ni ma duka na binne."

Ta ce, "Allah Ya mayar mana da alheri, Yaya. Kada ka sa abin a ranka." Ta kifa ƙwaryar a kanta ta fita cikin ruwa. A cikin ɗaki Kulu ta toshe baki da zane tana kuka.

Washegari tun duku-duku Uwaisu ya ɗora tulun kan jaki. Kakansa na da wata tsohuwar gona da aka daɗe da bari, can bakin daji ta wajen Runka, inda ba kowa ke zuwa ba. A nan ya share ya shuka. Yana shuka yana lallashin kansa cewa ai don Bara'atu yake yi, in kaka ta yi zai kai mata ya ce sayowa ya yi, kowa ya huta, sunansa kuma ya tsira. Ƙasar ta daɗe tana hutawa, ga ruwa ya zauna, gero ya tashi baƙi ƙirin don kyau. A gari yakan ce ya tafi daji neman itace.

Tsakiyar damina yunwa ta kama Wagini sosai. Mai shuka a gona yakan sami wanda zai ranta masa hatsi kafin kaka, domin ana ganin abin da zai biya da shi. Mai gona fayau ba wanda ke kallonsa. Bara'atu ta sayar da tabarmi da tukwane, ta koma tafasa da rama ba gauraye. Da ganyen kusa da gari ya ƙare, mata suka riƙa nausawa daji. Ma'u ta rame, kuka ma ba ta iya yi da ƙarfi.

Wata rana da hantsi Bara'atu ta yi nisa fiye da kullum, ita kaɗai da goyonta. Ta ratsa wasu ƙayoyi sai ta ga gero tsaye, ya kai ƙirjin mutum, yana kaɗawa. Ta tsaya tana mamakin wane mai rabo ne wannan. Sai ta ji ƙarar fartanya. Mai noman ya ɗago don share gumi, suka haɗa ido.

Fartanyar ta faɗi daga hannun Uwaisu. Ya fara magana kafin a tambaye shi. Ya ce nata ne, wallahi don ita ya shuka, yana jiran kaka ne ya kai mata, ta tambayi Kulu.

Bara'atu ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi geron tun daga wannan gefe har wancan, ta gane irin gidansu ne, wanda uwarsu ke zaɓa. Sannan ta ce, "Ranar da na zo da ƙwarya, yana ina?"

Ya dubi fartanyar da ke ƙasa.

"Yana ina, Yaya?"

Ya ce, "Ɗakin Kulu."

Ta gyara goyonta. Ta ce, "Da ka ce a binne ruwa ya ƙi, ban riƙe ka ba, sama ba taka ba ce. Amma ka san kana shakka, ka rage naka, ka dube ni ka ce duka. Na dawo ina roƙon tafi ɗaya ka rantse mini da Allah."

Ta juya ta bi hanyar da ta fito. Ya biyo ta yana kira, ba ta waiwayo ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Uwaisu ya yi ta jiran gari ya ɗauka, shiru. Sai dai bayan kwana kaɗan aka wayi gari ɗakinta a rufe. Ta kwashi 'ya'yanta ta bi wasu masu barin gari, ta nufi wurin dangin mijinta, can kudu, tafiyar ƙafa cikin ruwa da laka. Maƙwabta suka ce ta ce ba abin da take jira a Wagini.

Kaka ta yi. Gonar bakin daji ta ba da abin da Uwaisu bai taɓa samu ba ko a shekarar albarka. Hatsi irin wannan ba ya ɓoyuwa a garin da ake yunwa, ranar da ya fara ɗauko dammuna kowa ya yi lissafinsa ya gane. Ba wanda ya zage shi. In ya yi sallama a majalisa sai a amsa a taƙaice, hira ta mutu har sai ya tashi. Sahabi da Yero suka ci gaba da hawa dutsensu su biyu.

Ya sussuke geron, ya cika buhuna, ya ɗora wa jakuna biyu, ya kama hanyar kudu yana tambaya har ya sami ƙauyen. Aka nuna masa wani ɗan ɗaki a gefen gidan dangin mijin. Ya yi sallama. Yara biyu suka leƙo, manyan, sun yi baƙi sun rame. Ya duba bayansu yana neman ta ukun.

Bara'atu ta fito, bayanta ba goyo. Ta ga inda idonsa ke kallo, ta ce Ma'u ba ta iso ba. Zazzaɓi ya kama ta a hanya, jikin ba ƙarfi, a wani ƙauye da ba su san kowa ba aka taimaka musu aka rufe ta.

Uwaisu ya zauna a ƙasa. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da uwarsu ta rasu. Ya ce ta yafe masa, ya ce ga hatsi nan duka nata ne, ya ce ta dawo gida zai riƙe yaran.

Ta bar shi har ya gama. Sannan ta kira yaran ta ce su taimaka a sauke buhunan, haƙƙin marayu ne, ba ta da ikon mayarwa. Aka sauke aka shigar. Ta kawo masa ruwa a moɗa kamar yadda ake kawo wa kowane baƙo, ta tsaya daga nesa har ya sha.

Da ya miƙe zai tafi, yana jiran kalma ɗaya daga bakin ƙanwarsa, ta ɗan rusuna ta ce, "Mun gode, Malam Uwaisu. Allah Ya kai ka gida lafiya."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Har ta koma ga Allah ba ta sake taka Wagini ba.

Darasi: Kuskure ba ya kashe zumunci, kare kuskure da ƙarya ne ke kashe shi. In mutane sun dogara da bakinka, ka ji tsoron Allah ka gaya musu iyakar saninka, har da shakkarka, ko da za a yi maka dariya a kasuwa. Kada ka taɓa ba wani shawarar da kai kanka ba ka yarda ka bi ta ba, domin wanda zai fi cutuwa shi ne wanda ya fi yarda da kai. Allah Ya raba mu da girman kai. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai mai shirin rantsuwa a kan abin da bai tabbatar ba, ya karanta ya janye tun da sauran lokaci.